Daga Fom ɗin JAMB Zuwa Ɗakin Ganin Marasa Lafiya: Yadda Ake Karatun Halayyar Ɗan Adam a Najeriya

Hanya uku ce take kai mutum ga zama da masu damuwa a matsayin sana'a a Najeriya, kuma tun daga fom ɗin JAMB suke rabuwa. Ta farko ta likitanci ce: shekara shida ta MBBS, shekara guda ta sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa. Wanda ya fito ta nan shi ne likitan ƙwaƙwalwa, shi ne kuma mai rubuta magani. Ta biyu ita ce ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, wanda galibi yake tsangayar kimiyyar zamantakewa, ana fitowa da B.Sc. Ta uku jagoranci da ba da shawara, wadda ɗalibai ke kira G and C, tana tsangayar ilimi, ana fitowa da B.Ed. Ni ta biyun na bi, har digiri na biyu a ɓangaren asibiti da shekarar horo, kuma aiki ya sha haɗa ni da 'yan ta ukun. A kan waɗannan biyun zan tsaya.

Sauya layi daga baya yana cin shekaru. Mai B.Ed. a G and C da ya nemi digiri na biyu a saikolojin asibiti, yawancin sassa ba sa karɓarsa kai tsaye. Ko su ce sai mai B.Sc. a saikoloji, ko su tura shi ya yi diflomar gaba da digiri tukuna. Shi ma mai B.Sc. da yake son ofishin ba da shawara a sakandare, sai ya nemo diflomar koyarwa ta PGDE ya yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Akwai kuma tarkon da yake kama mutane da yawa, wato M.Ed. a halayyar koyo da koyarwa. Karatu ne mai amfani, amma na fahimtar yadda yaro ke koyo ne da yadda ake auna shi, ba ya mai da mutum ma'aikacin asibiti. Tun ran gini tun ran zane: kafin ka cike fom, ka san inda kake son zama nan da shekara bakwai ko takwas, asibiti ne, makaranta ce, ko ofishin ma'aikata na kamfani.

A Arewa G and C ya fi sauƙin samu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe sukutum na halayyar koyo da ba da shawara, ana karantar da fannin a Jami'ar Bayero ta Kano, Ilori ma tana da daɗaɗɗen sashen horar da masu ba da shawara. Saikoloji tsantsa kuwa sai an ɗan yi tafiya: Jami'ar Jos, jami'ar jihar Binuwai da ke Makurɗi, ta jihar Nasarawa da ke Keffi, sai NDA ta Kaduna ga wanda zai sa kaki. Tsofaffin sassan a Kudu suke. An buɗe na farko a Nsukka a 1964, daga baya Legas da Ibadan da Ife suka biyo. In sabuwar jami'a ce, a bincika ko hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin, don rashin amincewarta yana iya hana ɗalibi tafiya bautar ƙasa.

Sharuɗɗan shiga ba su da wuyar ganewa. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, dole da Turanci da Lissafi a ciki. Sassan saikoloji da dama suna ƙara Bayoloji. A JAMB darasi huɗu ne, Turanci da wasu uku, maki 400 gaba ɗaya. Waɗannan ukun su ne suke kayar da mutane, saboda haɗin da wannan jami'a ta yarda da shi wata ba ta yarda ba. Yaro zai ci maki mai kyau a hana shi gurbi, don kawai mai shagon kwamfutar da ya cike masa fom ya zaɓa masa haɗin da bai dace ba. Kundin JAMB na shekarar yana ɗauke da abin da kowace jami'a take so, a buɗe a karanta layinta. Mai NCE ko IJMB yana iya shiga aji biyu kai tsaye, kuma a G and C ta nan malaman firamare da yawa suke shigowa.

Yawancin sababbin ɗalibai suna zuwa da zaton za a koya musu karanta zuciyar mutum daga kallon fuskarsa. Abin da suke tararwa shi ne tarihin fannin tun daga ɗakin gwajin Wundt a Leipzig a 1879, karnukan Pavlov, ɓerayen Skinner, matakan girman tunanin yaro na Piaget, tsarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sai uwa uba ƙididdiga. Ita ce take tara masu kari-oba. Wanda ya gudo nan don ya tsere wa lissafi, zai tarar da shi yana jiransa tun aji ɗaya. Ba wani lissafi ne mai zurfi ba: matsakaicin maki, yadda maki ke warwatsuwa, gwajin t, ANOVA, dangantakar Pearson. Sai dai kowane mataki a kan na baya aka ɗora shi, wanda kuwa ya haddace ya wuce a aji biyu, a aji huɗu zai nemi wanda zai biya ya yi masa babi na huɗu na kundin bincike, wato na ƙididdiga.

Maganar maki sai da alƙaluma. A ma'auni mai biyar, A tana farawa daga 70 kuma maki biyar ce, B huɗu, C uku, F sifili, ana ninka kowanne da nauyin darasin. A ce ka yi rajistar yunit 20 a zango. In ka ci B a duka, kana da 80, a raba da 20, 4.00 ke nan. In darasin ƙididdiga mai yunit uku ya zama F, sauran suna nan a B, jimlar ta koma 68, wato 3.40. Faɗuwa ɗaya ta sauko da kai daga babban aji na biyu na sakamakon digiri, wanda yake farawa daga 3.50, zuwa ƙarami, da ke tsakanin 2.40 da 3.49. A takarda, ƙaramin aji na biyu ya isa neman digiri na biyu. A aikace guraben ɓangaren asibiti kaɗan ne, in masu nema sun yi yawa daga sama ake yankowa. Makin shekarar farko da ta biyu shi ya fi sauƙin tarawa. In yunit sun taru, matsakaicin makin gaba ɗaya, wato CGPA, ba ya motsi sai da kyar.

A aji uku karatun yake fara daɗi: larurorin ƙwaƙwalwa, gwaje-gwajen auna basira da ɗabi'a, halayyar mutum cikin jama'a, halayyar ma'aikata. A nan ne kuma kowa yake fara liƙa wa abokin ɗakinsa da kishiyar yayarsa sunan ciwo. Yana wucewa da kansa. Ana kai ziyara asibitin ƙwaƙwalwa, wasu sassan suna tura ɗalibai na 'yan makonni, amma wannan kallo ne, ba aiki ba.

Ranar da aka miƙa maka B.Sc. ba ka zama mai jinyar kowa ba. Kana iya aiki a ofishin kula da ma'aikata, aikin bincike, ƙungiyoyin agaji, gidan gyaran hali, NDLEA, soja ko 'yan sanda. Buɗe ofis ka ce kana warkar da ciwon damuwa kuwa, ganganci ne da rayuwar mutane. Shekarar bautar ƙasa dama ce da ake yawan zubarwa. Galibi makaranta ake tura masu wannan digiri, amma in ka samo takardar neman ka daga asibiti ko cibiyar gyaran masu shaye-shaye tun kana sansani, akan duba. Shekara guda kana ganin yadda ake karɓar marasa lafiya tana taimakawa ƙwarai ranar ganawar neman digiri na biyu.

A neman digiri na biyu, takardar sakamakon dukkan darussa ita ce take ɓata lokaci, don jami'a ce take aika wa jami'a, ba a ba ka a hannu. Ka nema tun watanni kafin a buɗe sayar da fom. Ana son wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku, wasu sassan kuma suna yin jarrabawa da ganawa. A takarda karatun shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Ka yi tanadin fiye da haka; yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Makin tsira ya koma 50. Zangon farko da na biyu na aji ne: rabe-raben larurori bisa littattafan DSM-5 da ICD-11, gwaje-gwaje, hanyoyin jinya ta magana, alaƙar ƙwaƙwalwa da hali, sanin magunguna daidai gwargwadon gane illarsu a jikin mara lafiya, da ladubban aiki.

Sai aikin asibiti, wanda shi ne ainihin karatun. Wuraren da ake turawa sun haɗa da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, Aro a Abeokuta da Yaba a Legas, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, Shika da Jos. Kafin ka karɓi wuri, tambaya ɗaya za ka yi: akwai ƙwararren masanin halayya na asibiti da zai duba aikina ya sa hannu? Girman asibiti ba ya maye gurbin wannan. Da farko za ka zauna a gefe kana kallo. Daga nan ka ɗauki tarihi mai duba ka yana zaune. Sai daga baya a bar ka kai kaɗai, ka fito ka ba da rahoto.

Hirar farko tana cin kusan awa guda, kuma da wuya mara lafiya ya shigo shi kaɗai. A ce matar aure ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ga mijinta, ga uwar mijin. Ka tambaye ta me yake damunta, miji ya amsa. Ka sake tambaya, uwar miji ta ce ai tun da ta haihu ba ta barci, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Kada ka katse su. Bayaninsu rabin tarihin ne, kuma in suka ga alamar raini ga abin da suka riga suka gwada, ba za su dawo ba. Rubuta komai, har da abin da aka jiƙa aka ba ta, don likita yana bukatar sani. Bayan minti goma ko sha biyar sai ka ce, "Hajiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Don Allah ku da Malam ku ɗan jira mu a waje, akwai tambayoyin da ƙa'idar asibiti ta ce a yi wa mara lafiya ita kaɗai. Yanzu zan kira ku." Jingina abin ga ƙa'ida yana hana maigida jin an ware shi. In kai namiji ne, nas mace ta zauna a ciki. Abin da zai fito a minti ashirin na gaba, sau da yawa ba shi da alaƙa da abin da aka faɗa a gaban dangi.

A cikin hirar ne kake auna halin da hankalin yake ciki: shiga da tsabta, yanayin magana, walwala ko ƙunci, ko tunani yana bin layi, ko ana jin muryoyi, sanin lokaci da wuri, riƙe abu a ka, da ko mutum ya yarda ba shi da lafiya. Littattafan da muka karanta suna cewa a tambayi kwanan wata, a sa mutum ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Tsohuwar da ba ta taɓa aiki da kalandar bature ba za ta faɗi wannan alhali lafiyarta ƙalau. Tambaye ta wace salla aka yi ta ƙarshe, wane wata ake ciki, yaushe kasuwar garinsu take ci. Ɗan kasuwa kuwa ba shi lissafin canji: an sayi kayan ɗari uku da hamsin an ba ka dubu, nawa za ka mayar? Don gwada zurfin tunani, ba shi karin maganar da kowa ya sani, kamar "ruwa ba ya tsami banza", ka ji ko zai fito da manufar ko zai tsaya a kan ruwan da tsaminsa.

Mutanenmu ba kasafai suke zuwa da cewa suna baƙin ciki ba. Za ka ji kai yana zafi, wani abu yana yawo a jiki, gaba yana faɗuwa, abinci ba ya shiga. An sha maganin maleriya da na taifod a kemis har an gaji. Aikinka ka bi bayan waɗannan ka tambayi barci, sha'awar abin da aka saba so, kuka, tsoro. Amma akwai inda za ka ajiye biro ka kira likita nan take: rikicewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, suma ko jijjiga irin ta farfaɗiya, canjin hali bayan buguwa a ka, mai jegon da take cewa jaririn ba nata ba ne, saurayin da yake ta karkarwa bayan ya daina ƙwaya. Waɗannan ba na zama a yi magana ba ne.

Kowa a asibitin zai kira ka likita, daga mai gadi har majinyata. Ka gyara tun a zaman farko, ka ce kai ba ka ba da magani, aikinka gwaji ne da magana, kuma wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya fara ganinka. In ka yi shiru don sunan yana maka daɗi, wata rana za a tambaye ka ko a rage ƙwaya, ka ba da amsar da ba hurumin ka ba.

Gwaje-gwaje suna da nasu matsalolin. PHQ-9, mai auna ciwon damuwa, tambaya tara ce a kan makonni biyun da suka wuce, kowace daga sifili zuwa uku, jimla 27. Daga 10 zuwa sama sai a zurfafa bincike, daga 20 abin ya yi tsanani. Ga wanda ba ya karatu kai za ka karanta masa, kuma muryarka tana iya jan amsar, don haka ka karanta kowace tambaya da sauti ɗaya. Tambaya ta tara a kan tunanin mutuwa ce ko cutar da kai. Sababbin ɗalibai suna tsallake ta ko su yi ta cikin in-ina, suna tsoron kada su sa wa mutum tunanin. Tambayar ba ta shuka shi. Sai dai kunya da sanin haramcinsa a addini suna sa a ce a'a da sauri, shi ya sa ake bi a hankali: ko kin taɓa jin gara a ce ba ki farka ba? In an ce e, sai a tambayi ko akwai shiri, da me, kuma yana kusa? MMPI-2 kuwa, mai auna ɗabi'a da larurorin ƙwaƙwalwa, jimla 567 ce ta e ko a'a, tana bukatar mai karatu sosai da haƙurin zama fiye da awa, ma'auninta kuma daga Amurka aka ɗauko. Gwajin basira na Raven zane 60 ne babu rubutu, amma yaron da bai saba da wasan zane a takarda ba zai ci ƙasa da basirarsa, balle in kofin da ake amfani da shi an yi ta hotonsa har layukan sun dushe. Ba a yanke wa yaro hukuncin ƙarancin basira da maki ɗaya. Sai an haɗa da yadda yake tafiyar da rayuwarsa a gida, aike, sa tufafi, riƙe kuɗi.

Zaman mako-mako da mai duba aiki shi ne inda ake gyara mutum. Da izinin mara lafiya ake naɗar hira, ko ka rubuta ta kalma bayan kalma, a zauna a bi ta. Kuskuren da kusan kowa yake yi iri ɗaya ne. Mutum bai gama faɗin abin da ya kawo shi ba, ka fara nasiha: a yi haƙuri, a dage da addu'a, kowa da irin jarrabawarsa. Gaskiya ne, amma ya ji wannan daga mutum ashirin kafin ya iso gare ka, kuma da ka faɗa ya gane nan ma ba wurin magana ba ne. Sai jero tambaya uku a numfashi ɗaya, sai tsoron shiru, sai alƙawarin za a warke. Na ƙarshe shi ne sakin iyaka: ba da lambar waya ta kanka, ba da kuɗin mota daga aljihu, karɓar kaza ko turmin atamfa. Kowanne yana da dalilin tausayi, kowanne kuma yana canza zaman ya koma wani abu dabam. Mai bukatar tallafi, ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ake haɗa shi da shi.

Hanyar jinyar da aka fi koyarwa ita ce CBT, wadda take bin alaƙar tunani da ji da aiki. A littafi, zama ne na minti 45 zuwa 60 duk mako, na wata biyu zuwa huɗu, da aikin gida na rubuta tunani. A zahiri, wanda ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota na mutum biyu ba zai zo sau goma sha biyu ba. Saboda haka abu mafi amfani, wato bayanin ciwon, gyaran barci, motsa jiki da numfashin kwantar da gaba, a zama na ɗaya da na biyu ake ba da shi, a kuma daidaita ranar dawowa da ranar karɓar magani. Mara karatu yana iya naɗar muryarsa a waya maimakon rubutu. Jadawalin ayyuka ya fi zama in an ɗaura shi da lokutan salla: bayan asuba kaza, bayan la'asar a fita gaida maƙwabciya.

Sirri ana bayyana iyakarsa tun farko: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan da fayil ɗin asibiti, sai in akwai haɗari ga ran mutum, ko na wani, ko ana cutar da yaro. Uba ko miji zai tare ka a baranda ya ce me ta ce, shi ne ya biya kuɗin kati. Ka ba shi abin da zai taimaka wa kulawa a gida, ba abin da aka ba ka amana ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mara lafiya da neman yardarsa. A karanta ta kafin a shiga ɗakin majinyata.

Kundin bincike babi biyar ne, kuma abu uku ne suke tsayar da shi. Take mai faɗi, irin "shaye-shaye a Arewa", maimakon rukuni ɗaya a wuri ɗaya. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na ma'aikatar lafiya, wanda yake ɗaukar makonni, ba a kuma fara tattara bayani sai da shi. Sai takardar tambayoyi. In za a mai da ita Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar, a gwada biyun, sannan a jarraba a kan mutum talatin ko makamancin haka a ga ko ma'aunin Cronbach, mai nuna daidaiton tambayoyin, ya kai 0.70. Yawan mutanen da za a tambaya kuwa, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ba da 278 ga jama'a 1,000. Wanda ya ba wani ya yi masa ƙididdiga a manhajar SPSS, ranar kare kundi malamin waje tambaya ɗaya zai yi masa: me ya sa ka yi wannan gwajin ba wancan ba?

'Yan G and C hanyarsu ta fi tsayuwa a makaranta, asalinta ma can ne. A 1959 wasu mata masu hidimar coci a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara, CASSON, a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da aikin, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar. Ɗalibinsu yana yin aikin koyarwa na gwaji, sannan aikin ba da shawara na gwaji: buɗe fayil ga kowane yaro, tarbar sababbin ɗalibai, shirya ranar sana'o'i, zama da ɗaiɗaiku da rukuni, taimaka wa 'yan JSS 3 zaɓen kimiyya ko adabi ko kasuwanci. Suna da gwaje-gwajen gida da Farfesa Bakare na Ibadan ya tsara, na sha'awar sana'a, na salon karatu da na matsalolin ɗalibi.

Abin da yake karya aikin a makaranta abu biyu ne. Shugaban makaranta ya ga malami zaune ba aji, ya cika masa jadawali da darussa. Ko kuma a mai da ofishin wurin tura masu laifi, har ya zama duk yaron da aka gani yana fitowa an san ya yi wani abu. Mai ba da shawara ba ya riƙe bulala, ba ya zama a kwamitin ladabtarwa, kuma ba ya ganin yara a ɗakin malamai inda kunne goma suke saurare. Ko ɗan sito ne a share, in dai yana da ƙofa da akwatin da ake kullewa. Yaron da yake jin muryoyi, ko yake yankar jikinsa, ko ya yi nisa a ƙwaya, asibiti ake tura shi da takarda, bayan an zauna da iyaye.

Bayan M.Sc. sai shekarar horo a asibitin ƙwaƙwalwa ko na koyarwa. Guraben ba su da yawa, ana tallata su lokaci-lokaci, don haka a nemi wuri fiye da ɗaya. Ana zagaya sassa: manya, yara da matasa, masu shaye-shaye, da waɗanda kotu ta turo. Masana halayya sun daɗe suna fafutukar samun majalisa ta doka irin ta likitoci. Abin da masu ɗaukar aiki suke dubawa shi ne digiri biyun, shaidar shekarar horo, da rajista da ƙungiyoyin sana'ar, ta masana halayya NPA da ta 'yan asibiti NACP. Aikin gwamnati a asibiti kan tsarin albashin CONHESS yake. Wajen asibiti, ɓangare biyu ne suka fi neman hannu. Na farko shaye-shaye: binciken ƙasa na 2018 da aka yi da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, UNODC, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Na biyu aikin agaji a Borno da Yobe da Adamawa, inda ake son mai Hausa ko Kanuri da ya san gajerun tsare-tsare irin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai zama biyar. Koyarwa a jami'a kuwa sai da digirin digirgir in ana son ci gaba.

Mai niyyar fita waje ya san kowace ƙasa da mai tsaron ƙofarta. A Birtaniya ba a amsa sunan masanin halayya na asibiti sai da rajistar hukumar ma'aikatan lafiya, HCPC, hanyarsu kuma digirin digirgir ne na shekara uku. A Amurka kowace jiha ce take ba da lasisi. Ghana tana da majalisar masana halayya da dokar 2013 ta kafa. Dukkansu sa'o'in aiki a ƙarƙashin kulawa suke tambaya, da hujja. Saboda haka littafin rajistar aiki tun ranar farko ake buɗe shi: kwanan wata, lamba a maimakon sunan mara lafiya, shekaru da jinsi, irin zaman, minti nawa, gwajin da aka yi, sai wani shafi dabam na zaman da ka yi da mai duba ka. Ya sa hannu duk mako, ba a tara masa na wata shida ba. Kafin ka bar asibitin ka karɓi wasiƙa a takardar asibiti mai hatimi, ɗauke da jimlar sa'o'in da muƙamin wanda ya duba ka, domin ana canza wa ma'aikata wurin aiki, wasu kuma su yi ritaya.